Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti: Faston Da Ya Tsaya Wa Malaman Makaranta

Idan aka ambaci sunan Kuti a ƙasar nan, wanda yakan fara faɗo wa mutane a rai shi ne Fela, mawaƙin nan na Legas da ya sha artabu da gwamnatocin soja. Waɗanda suka ɗan manyanta za su tuna da wansa, Farfesa Olikoye, wanda ya yi ministan lafiya a zamanin Janar Babangida, ko kuwa mahaifiyarsu Funmilayo da ta jagoranci matan Abeokuta. Amma shi maigidan kansa ba kasafai ake jin labarinsa a wannan sashe namu ba. Fasto ne na ɗarikar Angalikan, malamin makaranta ne tun yana saurayi har tsufansa, kuma shi ne shugaban farko na Ƙungiyar Malaman Najeriya, wato NUT, wadda ya riƙe har shekara 23. Duk malamin firamare da ke riƙe da wannan mujalla, wanda ake cire wa kuɗin ƙungiya daga albashinsa a ƙarshen wata, yana zaune ne a inuwar itacen da wannan bawan Allah ya dasa.

Akwai dalili na biyu da ya sa muka ga ya dace iyalai masu bi su san shi. A zamaninsa, mafi yawan malaman da ya yi wa fafutuka ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Ma'aikatan mishan ne da na ikkilisiyoyi. Ke nan duk lokacin da ya miƙe yana neman haƙƙin malami, cikin waɗanda yake fuskanta har da shugabannin ikkilisiyar da ta naɗa shi. Bai tuɓe rigar fasto domin ya yi wannan aiki ba, bai kuma bar aikin domin ya tsira da rigar ba.

Gidan da ya fito

An haife shi ran 30 ga Afrilu, 1891, a Abeokuta, babban birnin Egbawa a ƙasar Yarabawa. Garin yana cikin wuraren da bishara ta fara kafuwa a Najeriya. Tun shekarar 1846 Henry Townsend da Samuel Ajayi Crowther na mishan ɗin CMS suka zauna a can, kuma a nan ne aka fara buga jarida a ƙasar nan, wato Iwe Irohin, a 1859. Saboda haka yaron ya buɗe ido ne a garin da coci da makaranta da injin buga littattafai suka riga suka zama 'yan gida.

Mahaifinsa, Rabaran Josiah Jesse Ransome-Kuti, sananne ne ƙwarai a ƙasar Egba. Mai wa'azi ne, amma da waƙa aka fi saninsa. Ya lura cewa waƙoƙin sujada da aka juyo daga Turanci ba sa zama daidai a bakin Bayarabe, domin harshen yana da karin sauti wanda muryar waƙar Turawa take karyawa. Sai ya shiga tsara waƙoƙin yabo da muryoyin gargajiya, har a shekarun 1920 aka ɗauki muryarsa a faifan garmaho a Landan. Mu da muka san yadda waƙoƙin zumuntar mata suka raya sujada a ikkilisiyoyinmu ba sai an yi mana dogon bayani a kan muhimmancin wannan ba. Daga wurin wannan uba Israel ya gaji son kiɗa da waƙa, ya kuma gaji wani hali da ya bi shi har kabari, wato ƙin yarda cewa abu ya fi kyau don kawai daga Turai ya zo.

Ya yi karatu a makarantar CMS Grammar School ta Legas. Da ikkilisiyoyin Angalikan na yankin Abeokuta suka buɗe tasu makarantar sakandare a 1908, sai ya dawo gida ya shiga cikin ɗalibanta na farko. Daga nan ya wuce Kwalejin Fourah Bay da ke Freetown a ƙasar Saliyo. A lokacin babu jami'a ko ɗaya a Najeriya. Fourah Bay, wadda CMS ta kafa a 1827, wuri ce da ɗan Afirka ta Yamma zai sami digiri ba tare da ya ƙetare teku zuwa Ingila ba, domin tun 1876 tana haɗe da Jami'ar Durham. Ya dawo da digirinsa a 1916, ya fara koyarwa a tsohuwar makarantarsa.

A wancan zamani, ɗan ƙasa mai digiri abu ne da ake ƙirgawa da yatsu. Da ya so, da ya bi hanyar lauya ko ta aikin gwamnati, inda kuɗi da girma suke. Ya zaɓi allo da alli.

Ijebu-Ode, da halin da malami yake ciki

Bai daɗe ba aka ba shi shugabancin makarantar Ijebu-Ode Grammar School, wadda aka kafa a 1913. Ya shekara 13 a can. Ƙasar Ijebu ta daɗe tana rufe ƙofa ga 'yan mishan, sai bayan da sojan Ingila suka ci ta da yaƙi a 1892. Daga nan al'amura suka juya gaba ɗaya, mutane suka riƙa shiga coci da yawa, kowane ƙauye yana neman a ba shi makaranta. Makarantu suka yawaita fiye da malaman da aka horar, kuma fiye da kuɗin da za a biya su. A nan ne idonsa ya buɗe ga halin da ƙananan malamai suke ciki.

Ya kamata mu ɗan dakata a nan, domin wanda bai san wannan hali ba ba zai gane abin da ya kawo ƙungiyar ba. Makarantu iri uku ne a kudancin Najeriya. Akwai na gwamnati, 'yan kaɗan. Akwai na mishan masu samun tallafin gwamnati idan sun cika sharuɗɗa. Sai kuma na mishan marasa tallafi, waɗanda su ne suka fi yawa, suna rayuwa da kuɗin makaranta da baikon ranar Lahadi. Malamin gwamnati yana da tsayayyen albashi, da ƙarin girma, da fansho. Takwaransa na mishan, ko da takardar shaidarsu iri ɗaya ce, albashinsa bai kai nasa ba, kuma ba shi da tabbacin abin da zai ci idan ya tsufa. Ban da koyarwa daga Litinin zuwa Jumma'a, sau da yawa shi ne katikis, shi ne mai koyar da mawaƙa, shi ne mai kaɗa ƙararrawa, shi ne mai rubuta wa mutanen gari wasiƙa. Manajan makaranta, wanda galibi fasto ne ko Baturen mishan, yana da ikon ya ɗauke shi daga wannan gari zuwa wancan, ko ya sallame shi, ba tare da akwai inda zai kai ƙara ba. In ya yi ƙorafi, sai a tuna masa cewa aikin Ubangiji yake yi, ladansa kuwa yana sama.

Ba daidai ba ne mu ɗauki 'yan mishan a matsayin azzalumai. Yawancinsu su ma a cikin rashi suke aiki, kuma ba don su ba da miliyoyin yara ba su ga ƙofar aji ba. Amma gaskiya ita ce an gina wannan babban aiki ne a bisa wuyan malamin ƙauye, kuma sakamakon bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Duk malamin da ya iya aikinsa, da zarar ya sami kafa sai ya gudu ya zama akawu a reluwe ko a kamfanin Turawa. Waɗanda suka rage a aji su ne waɗanda ba su da wurin zuwa. Yaran talakawa su ne suka biya wannan bashi.

A 1926 gwamnati ta kafa dokar ilimi ta Legas da lardunan kudu, wadda ta wajabta a yi wa malamai rajista, ta kuma ba hukuma ikon rufe makarantar da ba ta cancanta ba. A karo na farko doka ta ɗauki koyarwa a matsayin sana'a mai ƙa'ida. Amma an tsara dokar ne tsakanin jami'an gwamnati da shugabannin mishan, su malaman da abin ya shafa ba su da murya. A wannan shekara Ransome-Kuti ya tara hedimastocin makarantun ƙasar Ijebu ya kafa musu ƙungiya. Shekara guda kafin haka, malaman Legas sun kafa tasu a ƙarƙashin wani faston Angalikan, Rabaran J. O. Lucas.

Yuli, 1931

Abin da ya hanzarta haɗuwar waɗannan ƙungiyoyi shi ne karyewar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929. Farashin koko da manja da gyaɗa ya faɗi, kuɗin shigar gwamnati ya ragu, aka tsuke tallafin makarantu. Iyaye suka kasa biyan kuɗin makaranta, baiko ya ja baya a coci. Mishan ba ta da inda za ta rage kashe kuɗi sai a albashin malamai, nan kuwa ta rage. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Yuli na 1931 wakilan ƙungiyoyin Legas da Ijebu da na wasu garuruwa suka taru a makarantar CMS Grammar School ta Legas, suka narke suka zama ƙungiya guda, suka zaɓi shugaban makarantar Ijebu-Ode ya jagorance su. Yana da shekara 40.

Abu biyu ne suka bambanta wannan ƙungiya tun daga tushe. Na fari, ba ta tsaya ga ƙabila ko ɗarika ba. A lokacin da kusan kowace ƙungiya a ƙasar ta gari ce ko ta yare, ita ta haɗa Bayarabe da Ibo da Efik, ta haɗa ɗan Angalikan da ɗan Methodist da ɗan Baptist da ɗan Presbyterian. Mutanen da suka fi ɗaukar nauyinta tare da shi sun nuna haka. E. E. Esua mutumin Kalaba ne, yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma shi ya riƙe muƙamin babban sakatare daga 1943 zuwa 1964. Alvan Ikoku, wanda hotonsa yake jikin takardar naira goma, mutumin Arochukwu ne. Waɗannan mutane uku daga kusurwa uku suka yi aiki tare shekara da shekaru, a daidai lokacin da 'yan siyasa suka fara rarrabuwa bisa yare.

Na biyu, kuma a ganina shi ne zuciyar labarin, Ransome-Kuti bai yarda a raba maganar albashi da maganar ingancin aiki ba. Ƙungiyar ta nemi a daidaita albashin malamin mishan da na gwamnati, a ba shi tabbacin aiki da abin dogaro bayan ritaya. Amma da wannan bakin ta riƙa neman a kyautata horar da malamai, a gyara manhaja, a ba malamai kujera a hukumar da ke tsara harkar ilimi. Tana shirya taron shekara-shekara inda ake tattauna dabarun koyarwa, tana kuma fitar da mujalla mai suna Nigerian Schoolmaster. Hujjarsa a fili take. Ba za a sami makaranta mai kyau da malami mai yunwa ba, haka kuma malamin da bai iya aikinsa ba, ko mai zuwa aji a makare, ba shi da bakin neman ƙari. Ya riƙe wa hukuma igiya ɗaya, ya riƙe wa 'yan ƙungiyarsa ɗaya.

Hanyar da ya bi ba ta hayaniya ba ce. Takardun koke ne, da tawagogi zuwa wurin daraktan ilimi da gwamna, da hujjoji a rubuce, da naci. Wasu matasa sun ga kamar tafiyar ta cika sanyi, musamman a shekarun yaƙin duniya na biyu da tsadar rayuwa ta tsananta, sauran ma'aikata kuma suka fara yajin aiki. Sai dai wannan hanya ta sa ƙungiyar ta sami abin da ya fi wuyar samu a ƙarƙashin mulkin mallaka, wato a ɗauke ta da muhimmanci. Wakilanta suka sami shiga hukumar ilimi. Membobinta suka ƙaru har suka kai dubbai masu yawa, ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ma'aikata a ƙasar.

Mai karatu zai iya kwatanta wa kansa irin matsin da yake ciki. Makarantar da yake shugabanta ta ikkilisiya ce. Manajojin da ƙungiyarsa take ƙorafi a kansu abokan hidimarsa ne, tare suke zama a majalisar ikkilisiya, tare suke cin jibin Ubangiji. Abu ne mai sauƙi a ce masa mai tayar da ƙura a cikin gida. Amma Littafi Mai Tsarki da yake wa'azi da shi bai yi shiru a kan haƙƙin ma'aikaci ba, tun daga Dokokin Musa da suka hana a kwana da ladan ɗan ƙodago, har zuwa wasiƙar Yaƙub da ta tsawata wa masu danne haƙƙin waɗanda suka yi musu girbi. Kasancewarsa fasto ya sa da wuya a kore maganarsa da cewa ta marasa tsoron Allah ce. Wannan ma wata kariya ce da ya ba ƙananan malamai, waɗanda da su kaɗai suka yi magana da an sallame su.

Shugaban makaranta, uban gida

A 1932 aka dawo da shi Abeokuta Grammar School a matsayin shugaba, ya zauna a wannan kujera har shekara 22. Matarsa Funmilayo, wadda ya aura a watan Janairu na 1925, tana cikin 'yan mata na farko da aka ɗauka a wannan makaranta, ta kuma ƙaro karatu a Ingila. Tare suka riƙa tafiyar da makarantar da ɗakunan kwanan ɗalibai. A harabarta ne matan gari suka fara taruwa koyon karatu da ɗinki, taron da ya girma ya zama ƙungiyar matan Abeokuta, wadda ta yi bore a kan harajin da aka ɗora wa mata har Sarkin Egba, Alake Ademola, ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a farkon 1949. Ba kowane miji na wancan zamani ba ne, balle fasto, zai bar matarsa ta fita gaban dubban mata zuwa ƙofar fada. Shi ya mara mata baya.

Mutanen gari da ɗalibai suna kiransa Daodu. Marubucin nan Wole Soyinka, wanda mahaifiyarsa 'yar 'yar'uwar Ransome-Kuti ce, ya yi karatu a ƙarƙashinsa, ya kuma siffanta shi a littafinsa na tarihin ƙuruciya mai suna Aké. Hoton da ya zana na mutum ne mai kwarjini, mai son waƙa, wanda ba ya ɗaga ƙafa ga ƙazanta ko lalaci, amma yana ba mai laifi damar kare kansa kamar a gaban alƙali. Har ya ba da labarin wasu ɗalibai da aka kama da laifin cinye zakara, ɗayansu ya miƙe ya kare su da doguwar hujja ta kimiyya, shugaban kuwa ya zauna ya saurare shi har ƙarshe.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. Mutum ne mai saurin ɗaukar bulala, kuma 'ya'yan cikinsa ba su tsira ba. Fela ya sha faɗin irin dukan da ya sha a hannun iyayensa, da yadda tsoro ya yi yawa a tsakaninsa da mahaifinsa. Za a iya cewa haka zamanin yake, kuma gaskiya ne. Duk da haka iyaye masu karatu suna da abin tunani a nan. Gidan ya fitar da Dolupo ma'aikaciyar jinya, da likitoci biyu, Olikoye da Beko, waɗanda suka yi wa ƙasa hidima mai yawa. Ya kuma fitar da ɗa wanda ya gaji kiɗan kakansa da taurin kan ubansa, amma ya juya wa bangaskiyar gidan baya, har ya yar da sunan Ransome. Ba mu da ikon cewa bulala ce ta jawo haka. Abin da ya tabbata shi ne dukan 'ya'yan sun tashi da ƙin zalunci, kowa ta hanyarsa.

Jami'a, da dokar 1948

A 1943 gwamnatin Ingila ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Walter Elliot domin ya duba batun ilimi mai zurfi a Afirka ta Yamma. 'Yan Afirka uku ne kawai a ciki: K. A. Korsah daga ƙasar da yanzu ake kira Ghana, da Dokta E. H. Taylor-Cummings daga Saliyo, da Ransome-Kuti daga Najeriya. Da kwamitin ya miƙa rahoto a 1945, kansa ya rabu biyu. Marasa rinjaye suka ce kwalejin jami'a ɗaya ta isa yankin duka. Masu rinjaye, har da 'yan Afirkan nan uku, suka ce a ba Najeriya tata, a ba Ghana tata, a kuma ɗaukaka Fourah Bay. Bayan ja-in-ja, aka buɗe kwalejin jami'a a Ibadan a 1948, aka buɗe ta Ghana a wannan shekara. Zaɓen shugaban ƙungiyar malamai ya wakilci ƙasa a irin wannan zama ya nuna inda ƙungiyar ta kai cikin shekara 12 kacal.

A 1948 ɗin ne kuma aka sami canjin da ya fi taɓa malamin ƙauye. Bayan binciken da wani jami'i mai suna Sydney Phillipson ya yi a kan tallafin makarantu, aka kafa sabuwar dokar ilimi wadda ta game ƙasar duka. A sabon tsarin, ana lissafa abin da makarantar da aka amince da ita take bukata, musamman albashin malamanta bisa ma'aunin da aka tsayar, a cire kason da ake sa ran jama'ar wurin za su kawo, gwamnati ta cika sauran. Ma'anarsa ita ce albashin malami ya daina dogara kacokan ga abin da aka tara a faranti ranar Lahadi. Ba ƙungiyar ce kaɗai ta kawo wannan ba, kuma bai share dukan bambancin da ke tsakanin malamin mishan da na gwamnati ba. Amma shekara 17 ke nan tana buga wannan ƙofa.

Ƙungiyar ta fi ƙarfi a kudu, inda makarantun mishan suka fi yawa. A Arewa yawancin malamai ma'aikatan En'e ne, matsalolinsu kuma sun ɗan bambanta. Malam Aminu Kano, bayan ya dawo daga karatu a Landan, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Ƙungiyoyin biyu suka yi tafiya kowace a hanyarta har 1972, lokacin da malaman jihohin Arewa suka haɗe da NUT.

Akwai abin da bai rayu ya gani ba, wanda har yau yake da zafi a zukatan masu bi da yawa. Bayan yaƙin basasa, daga 1970, gwamnatocin jihohi suka shiga karɓe makarantun mishan. Ikkilisiyoyi sun ɗauki wannan a matsayin ƙwace, kuma lalacewar da ta sami yawancin makarantun daga baya ta ƙara musu hujja. Amma malamai da yawa sun yi maraba da karɓewar, ƙungiyarsu ma tana cikin masu goyon baya, domin a wurinsu ita ce hanyar samun albashi ɗaya da fansho ɗaya da kowa. Da wasu jihohi suka fara mayar da makarantun, kamar Legas a 2001 da Anambra a 2011, an ji muryoyin adawa daga cikin malamai saboda wannan tsohon tsoro. Mukan ba da labarin karɓe makarantu kamar mu kaɗai aka yi wa laifi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, malamin mishan kuwa ya daɗe yana nuna mana wurin. Yau ma ikkilisiyoyi da yawa sun sake buɗe makarantu masu zaman kansu, kuma mafi yawan malaman da ke cikinsu ba su da wata ƙungiya da za ta yi magana a madadinsu. Dattawan da ke zama a kwamitin irin waɗannan makarantu sun san abin da ake biya.

Ita ma ƙungiyar tana da tambayar da za ta amsa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce fiye da 21,000 sun faɗi, ta sallame su. NUT ta ƙi amincewa da yadda aka gudanar da jarrabawar, ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Kowane ɓangare yana da abin faɗi, kuma ba a nan za a yanke hukunci ba. Abin lura kawai shi ne igiyoyin nan biyu da shugaban farko ya riƙe a hannu ɗaya sun rabu, gwamnati tana jan ta inganci, ƙungiya tana jan ta haƙƙi, yaran kuwa suna zaune a tsakiya.

A 1954 ya yi ritaya daga shugabancin makaranta, ya kuma sauka daga kujerar ƙungiyar, wadda daga baya ta koma hannun Alvan Ikoku. A wannan shekara Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe wani ɗakin kwanan ɗalibai da aka sa wa sunansa, wanda har yanzu ake kira Kuti Hall. A watan Janairu na 1955 gwamnatin Jihar Yamma a ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo ta fara shirin ilimin firamare kyauta, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka taɓa gani, aka shiga neman malamai ido rufe. A lokacin ciwon daji ya riga ya kwantar da shi. Ya rasu a gidansa a Abeokuta ran 6 ga Afrilu, 1955, saura 'yan makonni ya cika shekara 64. Funmilayo ta rayu bayansa shekara 23, ta rasu a 1978 sakamakon raunin da ta samu lokacin da sojoji suka afka wa gidan Fela a Legas.